Rinar ƙasa mai karammiski: yadda tulin yashi ya jawo harbi uku a wani gida a Ajah

Gidan yana yankin Ajah, ta hanyar Lekki zuwa Epe, inda ƙasar kusan duk rairayi ce. Wasu Hausawa ne ke haya a ginin gaba, miji da mata da 'ya'ya uku, sai wani dattijo mai gadi da ke kwana a ɗakin bakin get. A baya akwai ginin da mai gida ya tsayar a linta tun cikin damina, ga ragowar tifar yashi jibge a jikin katanga, wata da watanni ba wanda ya sa mata shebur. Tsakar gidan ba siminti, ba ciyawa. Da ruwa ya ɗauke a watan Nuwamba sai yashin ya bushe ƙarau, rana na dukansa tun hantsi har la'asar.

Wadda aka fara harba yarinya ce 'yar shekara bakwai. Da la'asar sakaliya ta ga wani ƙwaro yana gudu a gindin tulin yashin, tsawonsa bai kai rabin ashana ba, kansa baƙi, ƙirjinsa ja, bayansa baƙi da ɗigo-ɗigon fari, jikinsa duk gashi mai sheƙi. Ta saba da jan ƙwaron nan mai laushi da ke fitowa bayan ruwan farko a Arewa, wanda yara ke ɗorawa a tafin hannu suna wasa, sai ta zaci ɗan'uwansa ne ta kai hannu. Ihun da ta yi ya fito da maƙwabta. Uwar ta ɗauka kunama ce, ta duba yatsan ba ta ga komai ba sai ɗan jan ɗigo. Ta wanke wurin, ta naɗe ƙanƙararren fiya wata a ɗankwali ta ɗora, ta ba ta farasitamol. Kafin magariba kuka ya tsaya. Washegari sai ɗan kumburi da ƙaiƙayi.

Bayan kwanaki kaɗan aka harbi mai gadi. Ya cire silifas ya tsuguna da butarsa zai yi alwalar azahar a gefen yashin, ya taka ta da gefen ƙafa. Ya ce ji ya yi kamar an danna masa garwashi. Shi kuma sai ya yi abin da ya gada: ya ɗaure ƙwauri da tsumma, ya sa reza ya tsaga wurin don dafi ya fita, ya shafa kananzir. Da matar gidan ta ce, "Baba, da ka bari an sa maka ƙanƙara," sai ya ce, "Hajiya, wannan dafin ba na ƙanƙara ba ne." Kwana uku bayan haka ƙafar ta haye, ta yi ja, tana zafi tana ruwa, har takalmi ya gagara shiga.

Daga nan gida ya tashi neman gidan tururuwa, don an zaci ita ke harbin. Aka sami ramin cinnaka a bayan tankin ruwa aka ɗura masa kananzir. Aka sayo fiya-fiya aka fesa tsakar gida kakaf, wari ya hana kowa barci, ƙaramin yaron ya kwana tari. Ba a yi mako ba aka harbi matar gidan a hannu, lokacin da take tattara wankin da iska ta kayar daga igiya. A wannan karon babban ɗanta ya kifa wa ƙwaron kwalba, ya zura kwali ta ƙasa, aka rufe. Wannan kwalbar ce ta warware lamarin.

Abin da ke cikin kwalbar

Ba tururuwa ba ce. Rina ce mace marar fiffike, daga dangin da masana ƙwari ke kira Mutillidae, wanda ke da nau'o'i dubbai a duniya, kuma Afirka na cikin inda suka fi yawa. A nan za mu kira ta rinar ƙasa. A cikin kwalba ana iya bambance ta da tururuwa ba tare da wani kayan aiki ba. Tururuwa tana da ƙullutu ɗaya ko biyu a siririn ƙugunta, 'yan ƙahonninta kuma a karye suke kamar gwiwar hannu. Rinar ƙasa ba ta da wannan ƙullutu, ƙirjinta a dunƙule yake, jikinta lulluɓe da gajeren gashi. Tafiyarta ma daban: ita kaɗai take yawo, da sauri, tana tsayawa tana juyawa tana leƙa ramuka, ba ta bin sahun kowa. Idan aka girgiza kwalbar aka kara a kunne za a ji wani siririn ƙara, tsii-tsii, wanda take yi ta hanyar goga sassan cikinta da juna. Gargaɗi ne, haka ma launin jikinta. Shi kuwa jan ƙwaron daminar da yarinyar ta sani, ƙafafunsa takwas ne, jikinsa taushi, tafiyarsa a hankali, kuma ba ya harbi. Wannan bambanci ya kamata a nuna wa duk yaron da ke zirga-zirga tsakanin Arewa da Legas.

Namijin yana da fiffike, sau da yawa ya fi macen girma, kamanninsu kan bambanta har mutum ya rantse ba jinsi ɗaya ba ne. Ba ya harbi ko kaɗan, domin ƙarin da mace ke harbi da shi asalinsa bututun saka ƙwai ne. Ƙarin nata dogo ne, a wasu nau'o'in yana kusan rabin tsawon jikinta, yana ɓoye a ciki sai ta bukace shi. Tana iya lanƙwasa cikinta ta kai shi kowace fuska, shi ya sa riƙe ta ta baya ba ya tsirar da yatsa. Kuma santsi ne da shi, ba ƙugiya irin ta ƙudan zuma, don haka ba ya maƙalewa a fata. Babu abin cirewa bayan harbi, kuma tana iya sake harbi nan take.

Me ya kawo ta gidan? Rinar ƙasa ba ta gina gida, ba ta da sarauniya, ba ta da ma'aikata. Abincin babba ruwan fure ne da makamantansa. Abin da take nema a ƙasa shi ne ramukan wasu ƙwari, musamman ƙananan ƙudan zuma da rina masu zaman kaɗaici da ke haƙa rami a busasshen rairayi. Takan kutsa ramin, ta sami ɗan mai gidan ya gama cin abincinsa ya naɗe kansa cikin kwanso, ta saka ƙwanta a jikinsa ta fita. Tsutsarta ta ƙyanƙyashe ta cinye shi, ta yi nata kwanson a wurin. Wasu nau'o'in Afirka gidan lakar zanzaro suke shiga, akwai ma wadda aka sani da saka ƙwai a kwanson ƙudan tsando.

Da aka tsaya a gindin tulin yashin da hantsi aka zuba ido na minti goma sha biyar, sai ga abin da ba wanda ya lura da shi a da. Gefen da ke kallon rana cike yake da ƙananan ramuka, faɗin kowanne kamar na fensir, wasu da ɗan tsibin yashi a baki, ƙwari masu fiffike na shiga suna fita, wasu riƙe da ƙuda. A ƙarƙashin dakalin ginin baya kuma ga gidajen zanzaro jere. Wato gidan ya zama kiwon abin da rinar ƙasa ke farauta.

Wannan ne dalilin da feshin bai yi aiki ba. Babu gida ɗaya da za a kashe a huta. Maganin ya taɓa abin da ke sarari a wannan yammacin kawai, bai kai ga kwansunan da ke ƙarƙashin yashi ba, kuma washegari wata ta shigo ta ƙarƙashin get daga filin maƙwabta. Ramin cinnakar da aka ɗura wa kananzir ba shi da alaƙa da ita. Abin da ya fi damun mu a wannan mataki shi ne rijiyar gidan. A yankin Lekki da Ajah ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, rairayi kuma ba ya riƙe abin da aka zuba masa, don haka kananzir ko maganin ƙwari da aka kwarara a tsakar gida na iya gangarawa ruwan da ake wanka da wanke-wanke da shi. Fiya-fiya kuwa guba ce da ke shiga ta numfashi da fata, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan amfani da irinta a gidajen kwana. Haɗarinta ga yara ya zarce na ƙwaron da aka fesa dominsa nesa ba kusa ba.

Zafi daban, haɗari daban

Ba a ƙara gishiri ba game da zafin. Masanin ƙwari na Amurka, Justin Schmidt, ya tsara ma'aunin zafin harbi daga 1 zuwa 4. Ƙudan zuma yana kan 2, wata babbar rinar ƙasa ta Amurka kuma tana kan 3. Ƙananan nau'o'i ba sa kaiwa nan. A Amurka har suna yi wa wata laƙabi da mai kashe saniya, alhali ba ta kashe saniya. Dafin an yi shi ne don ya tayar da jijiyoyin jin zafi nan take, ƙadangare ko tsuntsu ya saki ya gudu, amma wajen illa ga jiki bai kai na ƙudan zuma ba. Ga mai lafiya, zafin mai tsanani yakan lafa cikin kamar rabin awa, ya bar ja da kumburi da ƙaiƙayi na kwana ɗaya zuwa uku.

Abin da uwar yarinyar ta yi shi ne daidai, sai 'yan ƙarin bayani. A wanke da ruwa da sabulu. Idan a hannu ne a cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi ya kama su. A ɗora sanyi minti 10 zuwa 15, a ɗaga na minti 10, a maimaita har zafin ya sauka. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, a naɗe ta a ƙyalle, in ba haka ba ita ma tana ƙona fata. Idan ba wuta, ba ƙanƙara, tsumma jiƙe da ruwan randa ko ruwan leda mai sanyi daga mai shago ya wadatar. A ɗaga hannun ko ƙafar sama.

Farasitamol ga babba miligiram 500 zuwa 1,000 ne duk awa shida, kada ya wuce 4,000 a yini da kwana. Ga yaro da nauyi ake lissafi, miligiram 15 kan kowane kilo, sau huɗu iyaka a awa 24. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300 ke nan, wato mililita 12.5 na ruwan maganin da aka rubuta 120 cikin mililita 5 a kwalbarsa. A karanta kwalbar, don ƙarfin ruwan magani ya bambanta, kuma a auna da murfin awo ko sirinji, ba cokalin shayi ba. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Don ƙaiƙayi da kumburi, setirizin miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba, ɗan shekara 6 zuwa 11 kuma miligiram 5 safe da yamma. Piriton ma yana yi, amma yana sa barci, don haka ɗan acaɓa ko direba ko mai gadin dare ya guje shi. Ana iya shafa kalamin ko man haidirokotizon na kashi 1 cikin 100 sau biyu a rana, matuƙar fatar ba ta fashe ba.

Ciwon ƙafar mai gadi ba dafin ne ya kawo shi ba. Dafin ɗan mitsitsi ne, kuma cikin daƙiƙoƙi ya riga ya bazu a naman wurin, tsaga ba ta fito da shi, tsotsa ma haka. Abin da reza ta yi shi ne buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta a ƙafar da ke taka ƙasa. Kananzir ya ƙona fatar da ke kewaye, ɗaurin kuma ya tare jini ya ƙara kumburi. Man zafi, man goge baki, baƙin mai da toka duk layi ɗaya suke: ko su ƙara raɗaɗi ko su gurɓata wurin. A cibiyar lafiya aka wanke masa ciwon, aka rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka yi masa allurar tetanus saboda yankan reza da ƙasa. Ya yi fiye da mako yana ɗingishi kan harbin da yarinya 'yar shekara bakwai ta warke daga irinsa cikin kwana biyu.

Yana da kyau a san bambancin kumburi biyu. Wasu mutane jikinsu kan yi babban kumburi, faɗinsa ya haura santimita 10, ya ƙaru har kwana biyu, da ƙaiƙayi sosai, sannan ya sauka cikin mako guda. Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, kuma ba ya bukatar kafso daga kemis. Wanda ke bukatar asibiti shi ne wanda ya fara tsananta bayan kwana biyu ko uku: ja yana yaɗuwa, wurin na zafi in an taɓa, ga mugunya, ko jan layi yana hawa sama, ko zazzaɓi, ko kaluluwa. Mai ciwon suga kada ya jira ko ɗaya daga cikin waɗannan idan a ƙafa ne.

Abin da ke kisa, ko da yake ba kasafai yake faruwa da wannan ƙwaro ba, shi ne jikin mutum ya yi wa dafin mummunan bori. Alamun kan zo cikin mintuna, galibi kafin awa ɗaya: borin jini a wuraren da ba a harba ba, leɓe ko harshe ko fatar ido su kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, amai, jiri, suma. Duk wanda aka harba a sa masa ido na awa ɗaya, musamman wanda zuma ko rina ta taɓa yi wa haka, ko mai asma. Idan alama ɗaya ta bayyana a kira 112 ko 767, layukan gaggawa na Jihar Legas, ko a nufi asibiti mafi kusa nan take. Da cunkoson hanyar Lekki, mafi kusa ya fi mafi girma. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi zaune, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafa. Maganin shi ne allurar adirenalin a naman cinya, miligiram 0.5 ga babba, 0.3 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, 0.15 ga wanda bai kai shida ba, kuma ma'aikacin lafiya ne zai yi. Piriton ba ya maye gurbinta. Harbi a cikin baki ko kusa da ido shi ma na asibiti ne ko ba wata alama.

Gyaran tsakar gidan

Aikin na ƙasa ne. Mai hayar ya kira mai gida ya ce, "Alhaji, yashin nan ko a yi aiki da shi ko a rufe shi," aka amince a rufe. Leburori biyu sanye da takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu ta fata suka juya tulin da shebur tun daga ƙasa, domin ramukan kan nutsa taƙi ɗaya ko fiye. Safar ƙyalle ba ta tare ƙarin. Aka jiƙa yashin sharkaf, aka lulluɓe da tamfol, aka danne gefunan da bulo ba tare da barin kafa ba. Da sassafe aka yi aikin, lokacin da ƙwarin ba su gama warware jiki ba.

Sauran filin aka bi shi da manjagara, sannan aka riƙa jiƙa shi sosai kowace yamma har mako uku. Yayyafi ba ya wadatarwa, sai ruwan ya ratsa kamar tsawon yatsa, saboda masu haƙa ramin busasshiyar ƙasa suke so, da ta yi danshi sai su ƙaura. Ruwan wanki da na ɗauraya ya isa wannan aiki, ba sai an ƙarar da na tanki ba. Wurin alwala, ƙarƙashin igiyar shanya da inda yara ke wasa aka zuba musu tsakuwa mai kaurin santimita 5 zuwa 8. In ta gaza haka ƙasa na leƙowa ta tsakani, ramuka su dawo. Mai hali ya sa intalok ko siminti, ko ya dasa ciyawa mai shimfiɗa. Gidajen zanzaro aka kankare su da cokalin magini aka zubar a waje.

Ba mu ga dalilin bin masu ramukan da guba ba. Ƙananan ƙudan zuman nan suna taimakawa wajen yi wa tsirrai barbara, rinar da ke haƙa rami a yashi kuma ƙudaje take kamawa, kuma da wuya su harbi wanda bai kama su ba. Canza musu ƙasa ya isa ya kore su daga inda mutane ke takawa.

An ci gaba da ganin rinar ƙasa jefi-jefi na wasu makonni, wanda ba abin mamaki ba ne, tunda waɗanda ke cikin kwanso sai sun fito. Yadda ake yi da wadda aka gani yana da muhimmanci. Fatar jikinta tauri ne da ita na ban mamaki, har masu adana ƙwari kan sha wahalar huda ta da allura. Wanda ya taka ta da silifas a kan rairayi nutsar da ita kawai ya yi, za ta fito, wani lokaci ta gefen ƙafarsa. Tsintsiya kuwa tana iya maƙalewa a ciki ta biyo hannu. Kwalba da kwali sun fi, a kai ta can bayan katanga a sake. Ba ta bin mutum, gudu take yi, duk harbin ukun nan sun faru ne da aka matse ta da yatsa, da ƙafa, da ƙunshin wanki. Shi ya sa aka sa wa gidan 'yan ƙa'idoji: yara ba sa fita tsakar gida ba takalmi rufaffe, tabarma da dardumar salla ana kakkaɓe su kafin a shimfiɗa da kuma kafin a naɗe, wankin da ya faɗi ana ɗaga shi ta gefe a girgiza, takalmin da ya kwana a waje ana buga shi a ƙasa kafin a sa.

Ruwan Afrilu zuwa Yuli zai rage ramukan da kansa, amma ɗan tsagaitawar Agusta da ranin da ke farawa a Nuwamba suna sake busar da rairayi. A waɗannan lokuta ake sake tsayawa da hantsi a duba gindin katanga da gefen da rana ta fi duka. Idan mai gida ya tashi ci gaba da gini aka sauke sabuwar tifa, a rufe ta da tamfol ranar da aka sauke, a riƙa buɗe gefe ɗaya ana ɗiba.